Gashin da Na Baro a Marwa

Tun da fuskata ta fara fitowa a shirye-shiryen talabijin na watan azumi, yaran unguwarmu suka hana ni sakat. In na fita sayen burodin tamis da safe sai wani ya sha gabana: "Ya Hamza, ka kai ni wajen mukhrij mana, ni ma na iya." Mukhrij shi ne mai ba da umarni a wajen ɗaukar fim. In na ce ka iya me, sai ya ce, "Abin da kake yi mana. Tsayuwa a baya."

Wai tsayuwa a baya! To Fahad, da kai da Basiru da duk wanda ya zuga ku, ku buɗe kunne. Yau zan juye muku komai, don wallahi cikina ya cika, in ban faɗa ba sai na fashe.

Ni ban shiga makarantar kowa ba. A unguwar Karantina ta nan Jidda aka haife ni, a gaban madubin ɗakin Ummi na koyi sana'a. Ina kallon fim a waya, amma ba tauraron nake kallo ba, wancan na bayansa nake kallo, mai goge tebur, mai riƙe ƙofa. In tsayar da fim ɗin, in kwaikwaya, in sake. Sai da Ummi ta kusa kiran mai ruƙiyya ran da ta same ni ina miƙa wa madubi shayi ina ce masa tafaddal.

Aikina na farko a Balad ne, tsohuwar Jidda, cikin tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako. Shirin tarihi ne, mu alhazan zamanin da ne mun sauko daga jirgin ruwa. Aka ba ni ƙullin kaya, aka ce, "Kai gajiyayyen alhaji ne, ka wuce daga nan zuwa can." Shi ke nan aikin. Amma ni na kwana ina tunanin alhajin nan, wata nawa ya yi a teku, me ya ci. Ana cewa akshan na yi taku biyu, na kama maƙogwaro, na juya ido, na zube a gaban taurari kamar buhun albasa. Wallahi faɗuwar ta yi kyau. Ta yi kyau har ma'aikacin jinya ya sheƙo da gudu ya kwara min ruwan sanyi. Mukhrij ɗin Bamisre ne, ya zage ni tun daga kakana har jirgin da ya kawo shi.

Ina zaune a gefe ina ɗiga, sai na ji wani ya ce da Larabci mai gurɓi-gurɓi, "Ya walad, zo nan." Wani tsohon Bature ne a ƙarƙashin lema. Daga kai zuwa ƙugu kyaftin ɗin jirgi ne sak, hula da maɓallan zinariya da gashin baki kamar ƙahon rago. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa zanen futa ne irin na Yamalawa da silifas ɗin banɗaki. Ya ga ina kallon ƙafafunsa, ya ce, "Kamara ba ta sauka nan. Me zai sa in dafa abin da ba za a ci ba?"

Wannan shi ne Ammu Barnabi, kuma a hannunsa na zama mutum.

Ɗan Ingila ne, daga wani gari da ya ce ruwan sama ba ya zuwa hutu. Tun yana saurayi yake fim har kansa ya sulle, amma ba a taɓa rubuta sunansa da manyan baƙaƙe ba. Shi ne ɗan sandan da ke isowa bayan an gama faɗa. Shi ne likitan da ke fitowa ya girgiza kai. Ya yi mai buɗe ƙofar gidan masu kuɗi, ya yi kawun amarya mai gyangyaɗi a biki, ya ce ya yi gawa har ya gaji da kwanciya. A garinsu mutane kan tare shi a hanya, amma ba wanda ya san daga ina ya san shi. Wata mata ta taɓa dukansa da jaka wai shi ne ya sayar wa mijinta matacciyar mota. Da aiki ya ja baya ya zo Jidda koyar da Turanci, sai ga harkar fim ta buɗe a nan. Duk shirin da ke buƙatar Bature, shi ne. Mai haƙar mai, jakada, kyaftin. Duk Baturen da kuka taɓa gani ya cuci wani a talabijin ɗin ƙasar nan, Ammu Barnabi ne, gashin baki kawai ya canja.

Ranar ya ce min, "Faɗuwarka ta yi kyau. Amma ba fim ɗinka ba ne. Gobe ka zo gidana a Ruwais, ka koyi buɗe ƙofa."

Buɗe ƙofa, Fahad! Na yi makonni ina buɗe ƙofar kicin ɗinsa. Bawan gida daban yake buɗewa, mai kawo mugun labari daban, ɓarawo daban. Daga nan muka koma tire. Yadda za ka shigo da shayi kofuna ba su yi ƙara sun cinye maganar tauraro ba, yadda za ka ajiye ba ka tare masa haske ba. Sai hirar bebe, wato ku na baya kuna motsa baki kamar kuna hira amma ba sauti. Ya ce ka samu kalma ɗaya ka yi ta maimaitawa. Na zaɓi tawa. Da shirin ya fito Ummi ta ƙura wa talabijin ido ta ce, "Hamza, sarki na can yana rabon gado, kai kana bayansa kana ta tuwo, tuwo, tuwo. Ba na ba ka abinci ne?"

Kayan aikinsa duk a gwangwanin biskit suke. Gashin baki jeri-jeri an kafe su a jikin kwali, kowanne da sunansa: Kanar, Likita, Mugu, da wani siriri da yake kira Ɗan Damfara. Sai kwalbar gam mai warin asibiti. Ya ce a Ingila gam ɗin nan na riƙe gashin baki daga safe har yamma, amma gumin Jidda ya fi ƙarfinsa. Ni ma na haɗa tawa jakar: tabarau marar gilashi, tsohon takalmin fata, casbi, da tiren Ummi wanda har yau take nema.

Dokokinsa biyu ne kacal. Ta farko: ko rufin ɗaki ya faɗo, ba ka tsayawa sai mukhrij ya ce stob. Ta biyu: ran da aka fara ɗaukarka, fuskarka ta tashi daga taka. Ta mukhrij ce, aro yake ba ka ka je gida da ita ka dawo masa da abinsa yadda ya ba ka.

Ku kuna tsoron mukhrij. Mukhrij ba abin tsoro ba ne, ihu ne kawai, ya gama ya sha gahawa ya manta. Wadda ake tsoro ita ce Ustaza Nuha, mai kula da rakor. Rakor shi ne komai ya zauna yadda yake a ɗaukar jiya. In jiya maɓallin wuyanka a buɗe yake, yau ma a buɗe. Kullum kafin ka tafi sai ta ɗauke ka hoto gaba da baya da gefe kamar wanda aka kama. Na ga ta kori ƙato guda saboda ya je bakin teku ranar Juma'a rana ta canja masa launi. Ba ta ɗaga murya. Ta dubi hoto, ta dube ka, ta ce, "Ma'assalama." Halas.

Shekarar korona ita ce muguwar shekara. Ba ɗauka, ba taro, ba ko tallan shinkafa. Na koma kai wa mutane abinci gida-gida. Ammu Barnabi kan kira ni a waya ya sa in buɗe ƙofar banɗakinmu yana kallo yana gyara min. Ba mu gama farfaɗowa ba aka zo aka rushe Karantina, muka yi ta jan kaya daga wannan haya zuwa waccan, madubin Ummi ma a hanya ya fashe. Amma shekarar ta bar min abu ɗaya. Da aka rufe shagunan aski gashina ya tashi, da aka buɗe kuma ban koma ba. Ya yi ta hawa, ya yi ta faɗi, har sai na sunkuya nake shiga mota.

Gashin nan ne ya samo min magana.

Wani matashin mukhrij ne zai yi shiri a kan Jidda ta zamanin iyayenmu, lokacin wando mai faɗin ƙafa. Muna jere a rana ana duba mu, ya wuce ni, ya dawo da baya, ya zagaya ni. Ya ce, "Naka ne?" Na ce nawa ne. Ya ja ya ji. Ya ce, "Kai ne Sa'idu."

Sa'idu masinja ne a ofishin kamfanin jiragen ruwa, manajan kuwa Ammu Barnabi. Ga yadda abin yake: manaja na taro da attajirai, ya ce, "Sa'idu, shayi." In fita. In dawo da tire, in tsaya a bakin ƙofa, in ce, "Ya mudir, jirgin ya nutse." Daga nan duk shirin ke juyawa. Magana ce da bakina, kamara a kan fuskata ni kaɗai, bayan shekaru ina cewa tuwo.

Aka ɗauki fitata ranar Alhamis, lafiya lau. Kafin a ɗauki dawowata tauraron shirin ya gurɗe ƙafa, aka ba da hutun mako biyu. Ustaza Nuha ta ɗauki gashina hoto ta kowane gefe, har ta hau kujera ta ɗauko shi ta sama. Ta ce, "Ko tsinke ɗaya." Na ce, "Ustaza, ko iska ba zan bari ta taɓa shi ba."

Na yi ta maimaita jirgin ya nutse a gida har maƙwabciyarmu ta shigo yi wa Ummi jaje.

A cikin hutun nan Kawu Ɗanlami ya sauka daga Gusau don yin umra. Wan Ummi ne, shi ya riƙe ta bayan rasuwar babansu, maganarsa a gidanmu ba ta faɗuwa ƙasa. Tun a filin jirgi bai dubi fuskata ba, sama yake kallo. Ya ce, "Kai ɗan ga, wanga kwando na mi ne bisa kanka?"

Na ce, "Kawu, na aiki ne."

"Dako kake yi?"

Ummi ta ce ni zan raka shi Makka. Kawu ya ce ba rakiya ba, tare za mu ɗaura harami, ba zai yiwu mutum yana zaune kusa da Ɗakin Allah yana wasan kwaikwayo ba ya umra. Ban damu ba. Na san a ƙarshe dole a taɓa gashi, amma ai akwai ragewa. A ɗan tsakuri nan, a tsakuri can, Ustaza Nuha ma sai ta sa tabarau.

Kun san mai harami ba ya rufe kai. Haka na yi ɗawafi da gashin nan a fili, wasu 'yan Indonesiya suka mayar da ni alama don kada su ɓace. Ga Kawu gwiwa ta ƙi, ni na tura shi a keke tsakanin Safa da Marwa, yana addu'a yana waiwayowa yana duban kaina. Da muka gama ƙafafuna ba nawa ba ne.

Muka shiga ɗaya daga cikin shagunan askin nan na bayan Marwa. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba. Ba aski ake yi a wurin ba, girbi ake yi. Na zauna, na nuna wa wanzamin, wani Bangali, ɗan yatsana na ce, "Shwayya, shwayya bas," wato kaɗan kawai. Ya ce, "Tayyib." Kawu ya ce, "Askewa ta fi lada, kowa ya sani." Na ce, "Kawu, wata umrar." Sanyin na'ura ya bugo ni, na jingina kai, na ce bari in ɗan lumshe ido.

Kawu bai iya Larabci ba, ko kalma. Amma daga baya wanzamin ya nuna min yadda aka yi. Tafin hannu Kawu ya ɗora a goshinsa, ya shafa har ƙeya, ya yi fito, sannan ya nuna furfurarsa, ya nuna ni.

Sanyi ne ya tashe ni. Wani irin sanyi a wurin da bai taɓa jin iska ba. Na buɗe ido na ga wani baƙo a madubi mai kai kamar ƙwan jimina da kunnuwa biyu da ban san ina da su ba.

Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe kana kama da mutane."

Ban tsaya kuka ba. Na duba ƙasa, yaron shago ya riga ya share. Na bi shi da gudu har bayan ƙofa, na tarar da tuli. Gashin duniya ne a wurin, Fahad. Na Turkawa, na Pakistan mai jan lalle, furfurar wani tsoho, mai santsi, mai murɗe. Na zube a kai da haramina ina cusawa a leda, wanzamin na ihu, "Ya hajji, haram alaik!" Kawu na gaya wa mutane da Hausa cewa ba ni da lafiya ne, a yi min uzuri.

A gida Ummi ta gwada abin da ta sani. Man habbatus sauda, tafarnuwa, albasa. Kwana uku ina wari kamar tukunyar shinkafar kabsa, ko tsiro babu.

Na kwashi ledata sai Ruwais. Ammu Barnabi ya buɗe ƙofa, ya dube ni, ya rufe. Ya sake buɗewa a hankali, irin buɗewar likita. Ya ce, "Wa ya ci amanar mukhrij?" Na ba shi labari. Ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa, sannan ya share hawaye ya ce, "Yalla, juye a tebur."

Muka zauna da hantsaki muna tsince nawa daga na al'umma. Abin da muka samu bai kai rabi ba, dole muka cika da na sauran bayin Allah, muka shafe da baƙin man takalmi. Ya yanka tsohuwar safa ya yi gindi, ya ƙarar da gam ɗinsa kaf. Da na ɗora, ya ja da baya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Daga nesa gashi ne. Daga kusa, kyanwa ce mota ta taka. Ka tsaya nesa."

Ranar ɗauka na zo da wuri na laɓe bayan ƙofar ofishin da tirena. Allah ya taimake ni Ustaza Nuha na can tana fama da bandejin tauraro. Zafi ranar ba a magana, ga fitilu, ga fankar sama irin ta da tana juyawa daidai bakin ƙofa. Ina jin gam na narkewa yana gangarowa bayan kunnena.

"Akshan!"

Na buɗe ƙofa, buɗewar mai mugun labari, wallahi ban taɓa yin mai kyau irinta ba. Na yi taku ɗaya. Fanka ta ɗaga gashin ta baya, ya sulalo ta goshina a hankali, ya sauka tsakiyar tire, ya rufe butar shayi ruf.

Ɗakin ya mutu. Attajirai uku, tauraro, masu kamara, kowa na kallon kaina yana ƙyalli. Na hango Ustaza Nuha ta ɗago wayarta, ta dubi hoto, ta dube ni. Amma mukhrij bai ce stob ba, bakinsa ne kawai a buɗe. Ni kuma na tsaya ƙyam riƙe da tire.

Sai Ammu Barnabi ya ajiye alƙalaminsa, ya gyara Kanar da yatsa, ya miƙe da cikakkiyar isa ta manaja, ya ce, "Umra maƙbula, ya Sa'idu."

To kun san mutanen garin nan. Ba wanda zai ga sabon aski ya ji an faɗi haka ya zauna. Tsohon da ke wasan babban attajiri ya miƙe ba tare da ya sani ba: "Taƙabbalallah, ya waladi!" Na biyu ya rungume ni. Tauraro ya ɗingiso ya sumbaci ƙoƙon kaina. Ni ma bakina ya amsa da kansa, "Minna wa minkum." Wani ya ɗaga gashin daga kan buta ya zuba shayi. Mutumin da aka aika kicin ya je Makka ya dawo, shayi bai huce ba, kuma ba wanda ya ga abin mamaki.

Na tattaro numfashi, na juya wajen kamara. "Ya mudir..."

"Stob!"

Mukhrij na kwance a kan akwatin fitila yana dukan ƙasa. Ya ce ba za a sake ba, haka za a bar shi. Na ce, "Ustaz, jirgin fa?" Ya ce, "Wane jirgi? Au. A buga waya a faɗa." Haka aka yi. Wayar tarho ce ta ci maganata, baƙa, mai murɗawa. Har yau in na gan ta a ɗakin kaya ba na gaishe ta.

Ustaza Nuha ta zo wucewa ta tsaya. Na rufe ido ina jiran ma'assalama. Sai na ji ƙyas. Ta ɗauki kaina hoto, ta ce, "Ko tsinke ɗaya kada ya fito."

Da shirin ya fito a azumi, gutsuren nan ya zaga wayoyi har Gusau. Kawu ya kira Ummi ya ce a ba ni. Ya ce, "Ka gani? Da ka bar kwandon ga, wa zai san ka? Ladar ke nan tun a duniya."

Tun daga nan kowane mukhrij mai ƙwal-kwabon nan yake nema. Na dawo daga umra a shirin barkwanci, na dawo a tallan man shafawa, na dawo a wani shirin 'yan sanda inda ba wanda ya aike ni. Umrar da na yi a talabijin ta ninka wadda na yi a Makka. Magana kuwa har yau minna wa minkum ce. Ammu Barnabi ya koma Ingila bara, gwiwa ta matsa masa, ya bar min gwangwanin biskit. Ya ce kada in damu, shi ma ya shekara yana girgiza kai kafin a bar shi ya ce "mun yi iya ƙoƙarinmu."

To ga inda ake. Matashin mukhrij ɗin nan zai yi kashi na biyu, kuma ya rantse min Sa'idu zai yi magana, doguwa, har da kuka. Sharaɗi ɗaya: gashin farko ya dawo kafin Sha'aban. Wata biyar ke nan ina kiwonsa, kun dai ga yadda na koma sunkuyawa a ƙofar mota.

Shekaranjiya Ummi ta shigo da murna. Bizar Kawu ta fito. Ya ce yana marmarin ganina, a tanadi harami biyu da keke.

Don haka Fahad, kai da ka ce ka iya, ga aikinka na farko a sana'a. Sunanka Hamza, ka ɗan rame ne saboda zafi. Za ka tura keke, za ka ce "to, Kawu" ga duk abin da ya faɗa, kuma ba ka tsayawa sai an ce stob. Ka zo da gashinka.